Ambaliya: shin sauyin yanayi ne kaɗai mai laifi?

Duk lokacin da ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi ko Damagaram, kafofin labarai kan ɗora laifin a kan sauyin yanayi. Masana kuwa sai sun auna: da kwamfuta suke kwatanta duniyar yau da wadda hayaƙin fetur da kwal bai ɗumama ba. Ta haka ƙungiyar World Weather Attribution ta gano cewa ɗumamar ta ninka yiwuwar irin ruwan daminar 2022 a yankin tafkin Chadi kusan sau 80.

Amma labarin da ya tsaya nan bai cika ba. Gini a bakin gulbi da toshewar magudanai suna ƙara ɓarna, kuma waɗannan ana iya gyara su tun kafin damina ta faɗi.