Sababin Zafin Inji a Tsohuwar Mota

A watan Maris, sa'ad da rana ke ƙuna a Minna, akan tarar da tsohuwar Peugeot 504 a bakin titi a Fadikpe, an ɗaga bonet, tururi na tashi, mai ita na tsaye da galan a hannu. Wani lokaci illar takan samo asali ne tun ranar da aka ɗora mata injin da ya fi nata na asali ƙarfi, alhali an bar ta da tsohon lagireto wanda ruwan rijiya ya toshe ramukansa da tsatsa, har ya gaza ɗauke zafin da sabon injin ke haifarwa.

Wajibi ne a jira inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto, domin ruwan cikinsa yakan wuce digiri 100, kuma ya sha ƙona fuskokin bayin Allah. Daga nan makanike zai duba fambel, da fanka, da tiyo, da famfon ruwa. In kuwa baƙin mai ya koma kamar madara, to gaskit ya ƙone, ƙarin ruwa ba zai yi magani ba, sai an kwance kan injin.