Ciwon Baya da Ƙugu ga Mai Juna Biyu: Wane Ne na Haƙuri, Wane Ne na Asibiti?

Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima a Accra, za ki ga mata masu ciki cikin masu saye da sayarwa. Wata tana tsaye tun asuba a bakin tukunyar koko. Wata 'yar kaya ce da ta zo daga arewa, tana ɗauke da tasa cike da doya a kai. Wata ta goya yaro, ga ciki wata bakwai a gaba. Da yawa cikinsu hannu ɗaya na dafe da ƙugu. Haka abin yake a Maamobi, haka yake a ƙauye wurin daka da ɗiban ruwa.

In mace ta yi kuka da baya, sai a ce mata, "Ai ciki ne, yi haƙuri." Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai ciwon bayan da haƙuri ba ya maganinsa, kuma ya kamata kowace mace da mijinta su iya bambanta su.

Me ke kawo ciwon?

Jikin mai ciki yana fitar da sinadaran da ke sassauta gaɓoɓin ƙugu, domin jariri ya sami hanya ranar haihuwa. Ga kuma nauyi: mace takan ƙara kilo 10 zuwa 12 kafin ta sauka. Cikin yana jan ta gaba, ita kuma tana gantsarewa don kada ta faɗi, sai tsokar baya ta gaji. Shi ya sa ciwon ya fi tsanani da yamma, ko lokacin hawan mataki, ko juyi a kan shimfiɗa.

Akwai wani iri dabam. Wata babbar jijiya tana fitowa daga ƙasan gadon baya, ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya har tafin ƙafa. Ita ce mafi tsawo da kauri a jikin mutum. In an danne ta, zafi yakan harba ƙafa ɗaya kamar wutar lantarki, ya wuce gwiwa, wani lokaci da minjirya a yatsu. Likitoci suna kiransa sayatika. Yana da zafi ƙwarai, amma ba ya taɓa jariri, kuma ga yawancin mata yakan lafa bayan haihuwa.

Abin da za ki yi a gida

Ki kwanta ta gefe, ki sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinki. Daga wata na bakwai kada ki yi barci rigingine. In za ki tashi, ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu tare, sannan ki tura jiki da hannu.

Kada ki sunkuya ki ɗauki abu. Ki durƙusa, ki jawo shi kusa da jiki, ki miƙe da ƙarfin cinya. Galan mai cin lita 20 nauyinsa kilo 20 ne in ya cika. Ki raba ruwan gida biyu, ko wani ya ɗauka miki. Goyon babban yaro ma ki rage.

In sana'arki ta tsayuwa ce, ki ɗora ƙafa ɗaya kan ƙaramin dutse ko kujera 'yar tsuguno, kina canzawa. Wanki da wanke-wanke ki ɗora su kan benci. Wajen shiga trotro da fita, ki haɗe gwiwoyi, kada ki wangale ƙafa. Ki bar takalmi mai tsini.

Kwanciya yini guda ba magani ba ce, ƙara sandarar da baya take yi. Ki riƙa tafiya kaɗan kaɗan. Safe da yamma ki durƙusa kan tabarma da hannuwa da gwiwoyi, ki tura bayanki sama a hankali, ki sake, kamar sau 10. Tsumma mai ɗumi da tausa mai sauƙi suna taimakawa. Kaho da tsaga ba sa kaiwa ga jijiyar, sai dai su jawo miki gyambo da asarar jini.

Hattara da maganin kyamis

Nan ne mata da yawa ke cutuwa ba su sani ba. Diclofenac da ibuprofen suna kashe zafi, amma daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake ciki. A watannin ƙarshe suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa tun lokaci bai yi ba. Tramadol da jiƙe-jiƙen kwalba da ake talla su ma ki guje su. Paracetamol ne aka fi yarda da shi, shi ma yadda ungozomar asibiti ta faɗa miki.

Alamun da ba a kwana da su a gida

Ciwon baya mai zuwa yana tafiya, ciki na ɗaurewa, alhali wata tara bai cika ba: naƙuda ce ke neman zuwa da wuri.

Jini ko ruwa yana zuba.

Zazzaɓi da ciwo a kwiɓi, ko zafin fitsari: ƙila ciwon ya kai ƙoda.

Gabanki ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ki ji, fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba da kansa, ko ƙafa tana ja. Jijiyoyi ne aka danne ƙwarai, jinkiri na iya barin nakasa.

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari: alamun jijjiga ne.

Mai sikila kuwa, duk ciwon ƙashi ta kai shi asibiti.

In kina Nima ko Maamobi, Babban Asibitin Maamobi yana kusa, kuma in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Ridge ko Korle Bu. In kina ƙauye, ki nufi asibiti mafi kusa da katin awonki. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112. Tun 2008 mai ciki tana yin rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a je awo aƙalla sau 8. Duk zuwa, ki faɗi ciwon bayanki, kada ki ji kunya.

Maigida, ɗiban ruwa da dakan sakwara na 'yan watannin nan ba za su rage maka girma ba. Uwar miji da matan zumunta, ku karɓar mata goyo. Allah ya raba lafiya.