Giyar Inabi A Teburin Turawa: Yadda Sauyin Cimar Gida Ya Girgiza Manoman Faransa

A shekarar 2023 gwamnatin Faransa, tare da gudummawar Ƙungiyar Tarayyar Turai, ta ware Yuro miliyan 200 domin kwashe giyar inabin da ta yi kwantai a rumbunan ajiya na ƙasar. An tace giyar aka mayar da ita sinadarin da masana'antu ke amfani da shi wajen yin turare da maganin wanke hannu. A shekarar da ta biyo baya kuma aka sake ware Yuro miliyan 120 domin biyan manoma Yuro 4,000 a kan kowace hekta ta gonar inabi da suka tumɓuke. Tushen wannan hasara yana cikin gidajen Turawa ne, inda al'adar nan ta ajiye kwalbar giyar inabi kusa da akushi a kowane cin abinci take ta ja da baya shekaru sittin ke nan.

Al'adar Da Ta Riƙe Sana'ar

A farkon shekarun 1960, idan aka raba giyar inabin da ake sha a Faransa bisa yawan jama'ar ƙasar, kowane mutum yana tashi da kimanin lita 120 a shekara. A Italiya ma adadin ya haura lita 100. Mafi yawan wannan giya mai araha ce, marar ƙarfi sosai, wadda magidanci kan tafi da kwalbarsa kanti a auna masa, a wasu gidajen ma har a sirka ta da ruwa. Ana ɗaukarta a matsayin wani ɓangare na cefane, kamar burodi. Sai a shekarar 1956 ne aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantun Faransa.

Wannan buƙata ta yau da kullum ita ta ciyar da dubban manoma a yankin Languedoc da ke kudancin ƙasar. Ita ce kuma ta sa Aljeriya, a zamanin mulkin mallaka, ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya, domin jiragen ruwa sun riƙa jigilar ta zuwa Faransa har lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1962.

A yau abin da mutumin Faransa yake sha a shekara bai wuce kimanin lita 40 ba. Dalilan suna da yawa. Jama'a sun bar ƙauyuka da aikin ƙarfi sun koma birane da ofisoshi, ma'aikaci kuma ya daina komawa gida cin abincin rana. An tsananta dokar hana tuƙi cikin maye, sannan dokar Evin ta 1991 ta taƙaita tallan barasa. Gidaje sun ƙanƙance, mutumin da ke zaune shi kaɗai kuwa da wuya ya buɗe kwalba mai cin kashi uku bisa huɗu na lita don cin abinci ɗaya. Har ila yau akwai batun lafiya, musamman bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Janairun 2023 cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da illa ga jiki. Ƙungiyar OIV, mai kula da harkar inabi ta duniya, ta ƙiyasta cewa a 2024 an sha kimanin lita miliyan dubu 21 da miliyan 400 a duniya baki ɗaya, adadi mafi ƙanƙanta tun 1961. Da yake ƙasashen Italiya da Faransa da Sifen su ke samar da wajen rabin giyar inabin duniya, su wannan koma-baya ya fi shafa.

Yadda Ake Ɗanɗanawa Da Haɗawa Da Abinci

Da masu sana'ar suka ga ba za su ƙara sayar da lita masu yawa ba, sai suka karkata ga sayar da kaɗan a farashi mai tsada. Hanyar yin haka ita ce a koya wa mai saye bambanta wannan kwalba da waccan, da sanin wadda ta dace da girkin da aka yi a gida.

Masu ɗanɗano suna bin matakai uku: su duba launin giyar a cikin tambulan, su shinshina ƙamshinta, sannan su kurɓa kaɗan su juya a baki. Abin da suke aunawa shi ne tsami da zaƙi da bauri da kuma ƙarfin barasar, wanda galibi yakan kama daga kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari. Jar giya ana jiƙa ta ne tare da ɓawon inabin, daga nan take samun launinta da kuma bauri irin wanda ake ji a goro ko baƙin shayin da ya daɗe a wuta. Farar giya kuwa ana raba ruwan da ɓawon tun da fari, saboda haka ba ta da baurin, sai tsami. Ana sanyaya farar kafin a kawo ta tebur, jar kuma ba a cika sanyaya ta ba.

Daga nan ne ƙa'idojin haɗawa da abinci suka samo asali. Kitse da tsokar jan nama suna rage kaifin bauri, shi ya sa ake kawo jar giya tare da naman shanu ko na rago. Tsamin farar giya yana yanke maiƙo kamar yadda lemon tsami yake yi, don haka ake haɗa ta da kifi. Abinci mai yaji yana ƙara zafin barasa a baki, abin da ya sa ake zaɓa masa giya mai ɗan zaƙi da ƙarancin ƙarfi, kuma wannan ya zama abin lura ga kamfanonin da ke neman kasuwa a Asiya da Afirka.

Kafin a rubuta waɗannan ƙa'idoji, kowane yanki yana shan abin da gonarsa ta ba shi tare da abin da tukunyarsa ta dafa. Mutanen Tuscany a Italiya suna shan Chianti da gasasshen naman shanu da taliya mai miyar tumatir. A arewacin Sifen ana haɗa Rioja da gasasshen ɗan rago, a Fotugal kuma Vinho Verde da gasasshen kifin sadin. A yankin Burgundy na Faransa giyar har cikin tukunya take shiga, wajen dafa naman shanu da na zakara.

'Yan kasuwa sun mayar da wannan tsohuwar al'ada hanyar talla. A bayan kwalabe da yawa akan rubuta irin abincin da giyar ta dace da shi. Tun daga 1973, lokacin da kantunan Leclerc suka fara, manyan kantunan Faransa suna shirya bajekolin giyar inabi a kowace kaka. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya liyafar cin abinci ta Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, inda aka ambaci haɗa abinci da giyar da ta dace da shi a matsayin ɗaya daga cikin sharuɗɗanta.

Darajar Sunan Yanki

Duk wannan ciniki ya dogara ne ga amincewar mai saye cewa sunan da ke jikin kwalba gaskiya ne. Fotugal ta shata iyakar yankin Douro tun 1756, a 1855 kuma aka jera manyan gonakin Bordeaux daraja-daraja domin bajekolin duniya na birnin Faris. Amma abin da ya tilasta kafa doka mai ƙarfi shi ne annobar wani ƙwaro mai cin saiwar inabi da ya shigo daga Amurka a shekarun 1860, ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa. Ƙarancin da ya biyo baya ya buɗe ƙofar algus da jabu, bayan gonaki sun farfaɗo kuma farashi ya faɗi warwas, har manoman Languedoc suka yi gagarumar zanga-zanga a 1907.

A 1935 Faransa ta kafa tsarin kare sunan asali, wanda ake kira AOC. A ƙarƙashinsa doka ce take fayyace iyakar yanki, da irin inabin da za a shuka, da iyakar abin da za a girba a kowace hekta, da yadda za a sarrafa shi. Wanda ya saɓa ba shi da ikon amfani da sunan. Italiya ta bi sahu da nata tsarin a 1963, sannan a 1992 Tarayyar Turai ta faɗaɗa kariyar zuwa sauran kayan abinci irin su cuku da man zaitun. Wani nazari da Hukumar Tarayyar ta fitar a 2020 ya nuna cewa a 2017 an yi cinikin kayan da ke da irin wannan kariya na kusan Yuro miliyan dubu 75, fiye da rabi kuma giyar inabi ce. Nazarin ya ƙara da cewa farashin irin waɗannan kaya yakan ninka na takwarorinsu marasa rajista.

Masu Riba Da Masu Hasara

Dabarar ta yi amfani ga masu manyan sunaye. A 2022 Faransa ta fitar da giyar inabi da sauran barasa na Yuro miliyan dubu 17 da miliyan 200 zuwa ƙasashen waje, yankin Champagne kaɗai kuma ya sayar da kwalba miliyan 326. Sai dai ƙaramin manomin da ke yin jar giya ta yau da kullum bai amfana ba, domin ita ce ainihin wadda aka daina ajiyewa a tebur. Tun a 2008 Tarayyar Turai ta shirya biyan diyya domin tumɓuke hekta 175,000 cikin shekara uku, a 2023 kuma aka tsara tumɓuke kimanin hekta 9,500 a Bordeaux, yankin da sunansa ya fi na kowa tashe.

Ga kuma gasa daga waje. Tun ranar da giyar Kalifoniya ta doke ta Faransa a wata gasar ɗanɗano da aka yi a Faris a 1976, inda alƙalai Faransawa suka ba da maki ba tare da ganin sunan kwalba ba, masu saye suka fara waiwayar kayan Amurka da Chile da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Harajin fito ma ya ƙara dagula lissafi. A watan Oktoban 2019 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan wasu giyoyin Faransa da Sifen da Jamus saboda rikicin tallafin kamfanin jiragen sama na Airbus, aka dakatar da shi a 2021, sannan a 2025 aka sanya harajin kashi 15 a kan akasarin kayan Turai, har da giyar inabi. Kafin wannan ma, kuɗin da Faransa ta samu daga fitar da barasa ya sauko zuwa Yuro miliyan dubu 15 da miliyan 600 a 2024, cinikin Champagne kuma ya koma kwalba miliyan 271.

Inda Lamarin Ya Shafi 'Yan Kasuwar Nijeriya

Addinin Musulunci ya haramta giya, kuma jihohi 12 na Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999 sun hana ko sun taƙaita sayar da ita. Cinikin giyar Turai a ƙasar nan ya fi ƙarfi ne a otal-otal da manyan kantunan Legas da Fatakwal da Abuja, faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023 kuwa ta ƙara wa masu shigo da ita tsada. Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka shafi har wanda ba ya taɓa wannan haja.

Na farko shi ne kwalaben da ake tallatawa da sunan marasa barasa, waɗanda ake yawan gani a wuraren biki. Kashi biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa iskar gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar da aka gama haɗawa sannan aka cire mata barasa da na'ura. A watan Disamban 2021 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da wannan nau'i na biyu da sunan giyar inabi da aka cire wa barasa, muddin abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kamfanonin Turai suna ƙara zuba jari a wannan fanni domin cike giɓin kasuwarsu ta gida. Ɗan kasuwar da ke sayar wa Musulmi yana bukatar karanta takardar jikin kwalba da kyau, ya san wane nau'i ya sara, ya kuma tabbatar da lambar rajistar hukumar NAFDAC, domin kuskure guda a nan yana iya jawo masa asarar kaya da ta amanar abokan ciniki.

Na biyu shi ne tsarin kare sunan asali, wanda ya faro daga gonakin inabi ya kuma iso maƙwabta. Ƙungiyar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da akasarinsu ke amfani da Faransanci, ta yi wa masoron Penja na Kamaru rajista a 2013, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 2022. A 2021 ƙungiyar ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi irin wannan rajista. Nijeriya ba ta cikin OAPI, amma tana da kayan da masu saye suka san su da sunan garinsu, kamar citta ta Kachia da shuɗɗan rini na marinar Ƙofar Mata a Kano. Abin da tarihin Turai ya nuna shi ne cewa irin wannan suna yana ƙara wa kaya kuɗi ne idan masu sana'ar sun haɗa kai sun rubuta ƙa'idar aikinsu, an shata iyakar yankin, kuma akwai hukumar da za ta hukunta mai algus.