Murɗewar Sarari: Mas'alar Ɗan Maƙerin Faransa

Yau za mu tsunduma cikin wata mas'ala ta ilmin falaki da hisabi, sai a gyara zama.

A shekarar 1915 Albert Einstein ya bayyana cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa, ya kuma riƙe wata a falakinsa, asalinsa lanƙwasar da nauyi ke yi wa zamani da makani ne. Shekara bakwai bayan haka, wani shaihin hisabi na Faransa, Élie Cartan, ɗan maƙerin ƙauye, ya ce da saura, domin abin da ke lanƙwasa yana iya murɗewa, kamar igiyar rama da mai tufka ke murzawa a cinyarsa, wadda ko an miƙe ta sambal murɗinta na nan.

Abin al'ajabi, sa'ad da ya faɗi haka ba a san wani abu a halitta da zai murɗa sararin ba. Sai a 1925 Uhlenbeck da Goudsmit na ƙasar Holan suka nuna cewa ilektiron, ɗaya daga ƙwayoyin da ke cikin zarra, yana da wani juyi na zatinsa wanda ba ya rabuwa da shi. Haka furoton da niyutiron, dangin da ake kira famiyon don tunawa da Enrico Fermi, waɗanda biyu iri ɗaya daga cikinsu ba sa haɗuwa a hali guda, kuma wannan ƙin haɗuwa shi ya ba dutse da ƙarfe jiki. A farkon shekarun 1960 Kibble da Sciama a Ingila suka ɗaure zancen: nauyi ke lanƙwasawa, juyin famiyon ke murɗawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Murɗin ba ya fita daga cikin abin da ya haife shi, saboda haka a sarari fayau hisabin Cartan da na Einstein amsa guda suke bayarwa. Tasirinsa sai inda halitta ta cunkushe fiye da cibiyar zarra nesa ba kusa ba, kamar farkon samuwar duniya. A can ne Andrzej Trautman na Folan ya kawo hujja a 1973 cewa murɗin na iya hana kome dunƙulewa ya zama ɗigo marar faɗi.

Ijtihadi ne mai kyau, amma har yau ba na'urar da ta auna murɗin nan.