Mene Ne Kolik, Kuma Me Probayotik Ke Yi Masa?

Kolik, a isɗilahin likitoci, shi ne kukan jariri lafiyayye da ya wuce awa 3 a yini, kwana 3 a mako, har mako 3, kamar yadda Dakta Wessel ya ƙayyade a 1954. Da yake masana sun lura ƙwayoyin bakteriyar hanjin waɗannan jarirai sun sha bamban da na sauran, sai suka jarraba ɗiga musu ƙwayoyi masu amfani, wato probayotik. A Italiya nau'in Lactobacillus reuteri ya rage kukan masu shan nonon uwa, alhali wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2014 bai sami fa'idarsa ba. Galibi lalurar kan gushe wajen wata 4, saboda haka iyaye su tuntuɓi likita kafin su ba jariri kome.