Yadda ake tayar da tsohuwar Fijo bayan ta shekara da shekaru a ajiye

A garuruwa irin su Toranke da ke ƙaramar hukumar Ajingi, da kuma Gaya a gabashin jihar Kano, akan ci karo da tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504 a gindin darbejiya ko a cikin wani kango, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta.

Tun bayan faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, farashin motocin da ake shigowa da su daga waje ya fi ƙarfin mutane da dama. Don haka magadan irin wannan mota kan tsinci kansu da zaɓi biyu: ko su gyara ta, ko su sayar wa 'yan gwangwan da kuɗin ƙarfe.

Wanda ya zaɓi gyara kuwa, babban haɗarin da ke gabansa shi ne gaggawar murɗa makulli.

Motar da ta yi suna a tsere

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 ne a 1968, kuma a 1975 aka fara harhaɗa motocin kamfanin a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna. An ci gaba da haɗa 504 a can har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai.

Yawancin 'yan Najeriya dai sun san ta ne a matsayin motar gwamnati da ta haya, amma ta yi fice a fagen tsere. Da ita Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, sannan Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya sake lashewa a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu.

Juriyar da ta kai ta ga wannan nasara ita ce ta sa har yanzu ake iya ceto da yawa daga cikinsu. Injinta ba shi da kwamfuta, kuma duk bakaniken da ya kwana biyu a sana'a ya san cikinsa.

Abin da zama ke yi wa mota

A Turai tsatsa ce ke cinye motar da aka ajiye. A ƙasar Kano, inda iska ke bushe a mafi yawan watannin shekara, bodi kan daɗe lafiya, sai dai in ruwan damina ya samu wurin kwanciya a ƙasan motar ko cikin but.

Ɓarnar a nan ta zafi ce da ƙura da ƙananan halittu. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, yana busar da duk wani abu na roba: fanbel, da tiyon lagireto, da robobin birki. Ɓeraye kan yi sheƙa a cikin kujeru su ɓalgace wayoyin wuta, zanzaro kuma ya yi gini a bakin salansa.

Fetur ma ba ya jure zama. Cikin 'yan watanni yakan fara lalacewa, bayan shekaru kuwa sai ya koma wani danƙo mai wari da ke toshe kafireto da famfon mai.

Mafi muni shi ne abin da ido ba ya gani. Baƙin mai yana tsiyayewa gaba ɗaya zuwa ƙasan inji, ya bar fistin da zobbansa a bushe, wani lokaci ma tsatsa ta liƙe su da bangon silinda. Idan aka ɗaura sabon batir aka tayar da injin a haka, ƙarfe zai gurji ƙarfe, zobba su karye, kuma aikin da zai tsaya ga canjin mai sai ya koma na sauke inji.

Haka abin yake idan aka tara matasan unguwa su tura motar a sa mata giya, dabarar da aka fi saurin kaiwa gare ta a karkara.

Kafin a murɗa makulli

Abin da ƙwararrun makanikai ke fara yi shi ne su kwance fulogai, su ɗiga ɗan mai a kowace silinda, su bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai a sa sifana a juya injin da hannu. In ya juya salin-alin, da sauran rai a motar. In ya cije, ba a tilasta masa. Buɗe shi ake yi.

Sai a zubar da tsohon baƙin mai, a canza matatarsa, a sauke tanki a wanke, a kwance kafireto a tsabtace shi. Ana kuma fara juya injin da batir ba tare da fulogai ba, domin mai ya zagaya ko'ina kafin wuta ta kama.

Lagireto na buƙatar kulawa ta musamman. Kan injin 504 na alminiyom ne, kuma ruwan rijiya da aka saba zubawa yakan bar gishiri da laka su toshe hanyoyin ruwa. Injin da ya tashi lafiya zai iya ɗaukar zafi cikin mintoci kaɗan ya ƙona gaskit.

Birki da taya

Tashin inji shi ke faranta ran mai mota, amma birki ne ke kashe mutane. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, ya sa tsatsa a cikin bututu, robobin kuma su tsage. Mai yiwuwa birkin ya kama a ƙofar gida, sannan ya tsinke a kan hanyar Gaya zuwa Wudil ranar kasuwa, mota cike da mutane.

Taya kuma tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka ga lambobinta uku ne kawai, ta girmi shekarar 2000, kuma ba ta da wurin zama a kan titi.

Kayan gyara dai sai an dangana da birnin Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake samun sababbi da kuma na jikin motocin da aka farfasa. Na inji da na birki sun fi sauƙin samu. Fitilu, gilasai da kayan cikin mota su ne ke wahalarwa.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a yi tun kafin a taɓa sifana. Mota mai kafireto ta fi na zamani shan mai, ga shi farashin fetur ya ninka tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023. Sai an sabunta takardu da inshora kafin ta hau titi.

Idan kuma motar ta gado ce, sai an fara yi mata kuɗi an san rabon kowa. In ɗaya daga cikin magada ya kashe kuɗinsa ya tayar da ita kafin a raba, darajarta ta ƙaru ke nan, kuma sauran 'yan uwa na da haƙƙi a cikinta.