Bindigar Iskar Kaka: Kafin Ka Miƙa Wa Ɗan Gwangwan

Shirin yau daga gidanmu ya taso.

Watan jiya na je Makarfi, na tarar ƙanina yana ciniki da ɗan gwangwan a ƙofar gida. Me ake sayarwa? Bindigar iskar marigayi kakanmu, wadda yake harbin kurciya da ita a bayan gonar rake. A kilo za a auna ta, wallahi, kamar tsohon bokiti! Na ce tsaya tukuna.

Bari mu fara bambancewa. Bindigar iska daban, bindigar toka ta maharba daban. Ita ba ruwanta da albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya, sifirin ya matsu, in ka ja kunama iska ta tura ɗan harsashin darma, mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5.

To ya za ka gane ta gaske? Goge saman ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, ka karanta. Tamu an rubuta Diana, ga hoton mace ta ɗaga bindiga. Kamfanin Jamus ne da aka kafa a garin Rastatt a 1890. In ka ga "Made in West Germany", an ƙera ta ne lokacin da Jamus take rabe biyu, wato kafin 1990. Da yawansu kuma akwai ƙananan lambobi a gefen hagu, can wajen baya, wata da shekara ke nan. Sai na haska fitilar waya na gano tamu. Amma a kula, bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinan kamfanin zuwa Birtaniya, Milbro ya ci gaba da ƙera wasu da sunan Diana. Suna ɗaya, asali daban. In kuwa tambarin bindigogi uku ka gani a jingine da juna, BSA ce ta Birmingham.

Kuskuren da muka fi yi shi ne gyara. Mutum ya sa sanfefa ya kankare ƙarfen har yana ƙyalli, ya shafa wa katakon fenti, wai ta yi kyau. Ka kashe ta ke nan. Masu tara irin waɗannan kaya asali suke nema: launin kamfani, kusoshinta na farko, saitinta bai ɓata ba, katako bai tsage ba. Wadda aka yi wa walda ko aka ɗora mata bututun wata, darajarta ta faɗi ƙasa. Kuma kada ka harba ta babu harsashi don gwaji, sifirin kake lalatawa.

Sai maganar da ta fi damuna. Mu a Ikara, Makarfi da Kudan mun san halin tsaron da ake ciki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su. Kada ka ɗora ta a babur ka nufi Zariya neman mai saye, a shinge ba wanda zai tsaya jin tarihin kakanka. Kada kuma ka ɗau hoto da ita ka sa a Facebook.

Tamu dai tana ɗakin Baba, an kulle. Yanzu takardar lasisin kaka muke nema a cikin tsohuwar adakarsa.